Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Agwagwar Ate

Makon jiya na tsaya a inda uwar ɗakinmu ta mayar da ni kicin a gidan aikina na Jidda. To a nan Allah Ya haɗa ni da Ate. 'Yar ƙasar Filifin ce, Kirista, ta girme ni nesa ba kusa ba. Garinsu Biktoriya ne a lardin Laguna, a bakin babban tafkin nan na kusa da Manila, kuma kiwon agwagi shi ne abincin mutanen garin. Ƙwai suke nema. Idan agwagwa ta tsufa ta rage saka, sai a yanka ta, naman kuwa tauri ne da shi, shi ya sa suka ƙware wajen dafa ta a hankali.

Ba zan iya ba da labarin nan ban tuna Goggo ba, Allah Ya jiƙanta. Ranar sunan Ummi, a tsakar gida, gaban dangin Baban Ummi, ta ce: "Wadda ta je wanke tukwanen Larabawa, me za ta dawo ta koya mana?" Na shanye. Amma har gobe maganar tana nan a ƙirjina.

Ranar hutunta Ate kan je Balad, tsohuwar unguwar kasuwa ta Jidda, shagunan 'yan ƙasarsu, ta sayo khal (ruwan tsami, wato binega) na rake mai suna Datu Puti da soya sos ɗin Silver Swan. Adobo suke kiran girkin. A can ƙasarsu da alade suka fi yinsa, ko kaza, amma ita na agwagwa take so, na wajen mahaifiyarta. Sai ta cuɗe naman da gishiri da dakakkiyar citta, ta ba shi tafasa ɗaya ta zubar da ruwan, ƙarnin ya tafi. Sannan ta jera yankan a busasshiyar tukunya, fata a ƙasa, har kitsen ya narke fatar ta yi ja. Ta rage man. Tafarnuwa kuwa ba ta ƙirga ta, kai biyu take fasawa da bayan wuƙa. Albasa, masoro ba a daka ba, ganyen bay, soya sos, ruwa kaɗan, sai khal a ƙarshe.

A nan take riƙe mini hannu. "Kada ki juya, sai ya tafasa," in ji ta, da Larabcinta na kicin irin nawa. Idan aka juya da wuri, wai ɗanyen tsamin ba ya barin miyar. Daga nan a rufe, a rage wuta, kusan awa 2, har cokali ya shiga cinya ba gardama. Wani lokaci ta zuba madarar kwakwa da barkono. Da farar shinkafa ba mai ake ci, kuma na kwana ya fi daɗi, domin khal da gishiri sun gama ratsa naman.

Wanke tukwane! Eh, na wanke, Goggo, har fatar yatsuna ta saɓe. Amma da kuɗin aka rufa ɗakin Inna da kwano.

Bayan na dawo, Baban Ummi ya sayo toron agwagwa da ƙaramar Sallah, na dafa yadda Ate ta nuna mini, na zuba a sabon kwano na aika wa Goggo. Ta mayar da shi a rufe, wai agwagwa tana tayar da tsohon ciwo. Wannan ya fi mini zafi a kan maganar ranar suna, domin da zuciya ɗaya na aika. Ta rasu ba ta ɗanɗana ba. Yau 'ya'yanta mata su ne suke bugo mini waya duk lokacin da mazajensu za su yi baƙi: "Yaya, khal ɗin yaushe ake sawa?" Ina faɗa musu, ban taɓa rage musu komai ba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo muku yadda Ate ta bar gidan cikin dare, da abin da ya same ni a dalilin haka.