Cobh, Garin da Jirgin Titanic Ya Yi Zangon Ƙarshe

Daga tashar Kent ta birnin Cork, a kudancin Ailan, na hau jirgin ƙasa zuwa Cobh, tafiyar kamar minti 25. In za ka tambayi hanya ka ce "Kof", haka mutanen wurin ke kiransa. Garin a kan tsibiri yake, jirgin kuma a bakin ruwa yake sauke fasinja, daf da gidan tarihin da aka yi a tsohon ginin tashar.

Nan ya kamata baƙo ya fara. Cutar da ta lalata dankalin Turawa daga 1845 ta jawo yunwar da ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu da yawa suka yi hijira. Tsakanin 1848 da 1950, mutum miliyan 2.5 ne suka bar ƙasar ta wannan gaɓa. A ƙofar gidan akwai mutum-mutumin Annie Moore da ƙannenta biyu. Ita aka fara yi wa rajista a tashar karɓar masu hijira ta tsibirin Ellis na Amurka, ran 1 ga Janairu 1892. A lokacin sunan garin Queenstown, tun ziyarar Sarauniya Victoria a 1849.

Masu yawon buɗe ido kan ɗauka Titanic ya shigo har bakin gari. A'a. Ran 11 ga Afrilu 1912 can wajen Roches Point, a bakin mashigar tashar ruwan, ya saki anga, ƙananan jirage biyu suka kai masa fasinja 123 da buhunan wasiƙu. Tsohon ofishin kamfanin White Star, mai Titanic, yana nan, a bayansa kuma ragowar dandamalin katakon da suka bi, gishirin teku ya cinye shi ya yi baƙi.

A ganina labarin jirgin fasinjan Lusitania ya fi taɓa garin, ko da yake ba a cika zancensa ba. Jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da shi ran 7 ga Mayu 1915, kusan mutum 1,200 suka mutu, aka kawo gawarwaki nan aka binne da yawa a manyan ramuka a maƙabartar Old Church, bayan gari.

Hawa zuwa majami'ar St Colman mai ƙararrawa 49 sai mai ƙwarin gwiwa, tudun ba wasa. Mai son ganin kurkukun tsibirin Spike, wanda Birtaniya ta riƙe har 1938, ya yanki tikiti tun da wuri. Kwale-kwalen daga Kennedy Pier yake tashi, kujeru kaɗan ne, in iska ta taso kuma fasa tafiyar ake yi.