Daga Gombe zuwa Bauchi, rakiyar Auta

Ana sallame Asuba na kama hanyar tasha, don ƙarfe sha ɗaya aka ba Auta a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma Inna ta ce lallai ɗayanmu ya je ya tsaya a kansa. Hazo ya rufe gari, sanyi har ƙashi. Na samu gefen taga, kusa da wata mai jego.

Muna wuce Bara jaririnta ya sarƙe da nono, ta ɗaga shi tana bubbuga bayansa. Gabana ya faɗi. Haka Auta ya yi ranar da aka haife shi, shekara 31 ke nan, ina 'yar shekara tara. Yawu mai kumfa ta baki ta hanci, da an ba shi nono sai tari, sai jikinsa ya canja launi. A Zariya aka gano cewa hanyar abincinsa ba ta isa ciki ba, a ƙirji ta tsaya, guntun ƙasan kuma ya haɗe da hanyar numfashi. Aka yi tiyata aka haɗa. Tabon yana nan a gefen damarsa, ƙasan hammata. Mu dai muka yi hamdala, muka ɗauka magana ta ƙare.

Alkaleri, gadar Dindima, ruwan Gongola ya ja baya sai yashi. Ban ko kalli masu tallan da suka yanyame motar ba.

A ƙofar asibiti na tarar da shi, bai ci komai ba tun dare kamar yadda aka umarce shi. "Yaya, da kin huta, ba wani abu ba ne," in ji shi. Wannan maganar ce ke ba ni haushi. Tun yana yaro ba ya haɗiye tuwo sai ya kora da ruwa, ƙwannafi kuwa kullum, har ya ɗauka kowa ma haka yake ci.

Likitan ya zaunar da mu ya yi bayani a natse. Ya ce akan haifi jariri ɗaya cikin 2,500 zuwa 4,500 da wannan larura, kuma sai a 1941 wani likita a Amurka, Cameron Haight, ya fara yin nasarar haɗa hanyar kai tsaye. Ke nan ba a daɗe da samun manyan da suka rayu da ita ba, balle a san abin da ke biyo baya. Hanyar da aka ɗinke ba ta tura abinci yadda ya kamata, ruwan ciki mai tsami kuma yana yawan dawowa sama. Shekara da shekaru yana ƙona wurin, fatar cikin hanyar takan sauya, abin da suke kira Barrett, wanda kan zama share fagen ciwon daji. An samu masu irin tarihin Auta da kansar maƙoshi ta kama tun ba su kai hamsin ba. Ba su da yawa, ya nanata, mafi yawansu lafiya lau suke tsufa. Amma tun 2016 ƙungiyoyin likitocin ciki na yara na Turai da Amurka suka ba da shawarar a riƙa leƙa maƙoshin manya irinsu da kyamara duk shekara 5 zuwa 10, ko kuma da zarar haɗiya ta ƙara wuya.

Leƙen bai kai minti ashirin ba. An ga wurin ɗinkin ya ɗan tsuke, ƙasa kuma ya yi ja. Aka ɗebi ɗan nama don gwaji, aka rubuta masa maganin rage tsamin ciki. Taba da giya ba ruwansa da su, amma shayin da yake kurɓa yana tururi, likita ya ce ya riƙa bari ya huce.

Bayan La'asar muka biya Wunti na sayi masa ta tsaraba. Auta ya ci biyu a hankali, ya kora da ruwa. Takardar da aka ba shi na sa ya kai aka yi mini kwafi, na soke a jaka, don ranar karɓar sakamako zan sake shigo motar Asuba.