Abin da Gudu da Ɗaga Ƙarfe Suka Yi wa Jinina

Yau bayan sallar asuba na iske ɗan ƙanena yana ɗaure takalmin gudu, idanunsa jajur, alhali jiya sai sha ɗayan dare ya dawo daga wurin ɗaga ƙarfe. Da na tambaye shi ko ya karya, sai ya ce, "Baffa, ai da yunwa ake gudu, shi ne ke tayar da sinadarin mazantaka." Wannan maganar ni ma na taɓa faɗin irinta.

Ina da shekara 27 lokacin da na ɗauki wannan hanya. Kullum da asuba ina gudun da ya kai sa'a ɗaya da rabi, da yamma kuma in kama ƙarfen da muka zuba wa siminti a gefe biyu, babu ranar hutu, abincina kuwa bai wuce koko da ƙosai da ɗan tuwon dare ba. Ba zan ce wauta ce zalla ba, domin a farko jikina ya murɗe, kuma a zamaninmu ba mu da wanda zai gaya mana gaskiya. Amma kafin shekara ta zagayo barci ya ƙaurace mini, mura ba ta rabuwa da ni, ƙaramin abu sai ya fusata ni, ƙarfen da nake ɗagawa da ya fara fin ƙarfina, har sha'anin iyali ya yi sanyi, ga shi ina sabon ango. Duk da haka na ƙara gudun, ina zaton ragwanci ne ya kama ni.

Sai da likita ya auna jinina da sassafe sannan ya nuna mini cewa testostiron ɗina, wato sinadarin mazantaka, ya yi ƙasa. Ya bayyana mini cewa ɗaga ƙarfe mai nauyi yakan ɗaga wannan sinadari tare da sinadarin girma, amma tashin na ɗan lokaci ne, cikin kamar sa'a ɗaya sun koma yadda suke. Doguwar wahala kuwa tana sa wata halitta da ke saman ƙoda ta zubo kotisol, wanda aikinsa shi ne nemo wa jiki sukari, ko da kuwa zai ci tsoka ne. Idan gudu ya yawaita kuma abinci ya gaza, ƙwaƙwalwa kan rage umarnin da take aikawa ga gaɓoɓin haihuwa. Shi ya sa wasu mata 'yan tsere al'adarsu kan ɗauke. Daga baya na karanta cewa masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada sun gano cewa ba wannan ɗan tashin na bayan atisaye ne ke gina tsoka ba. Ashe inuwa nake bi.

Samari, na so in jera muku shawarwari goma, amma na san ku, hankalinku yana kan waya. Ku ci abinci, ku yi barci. A 2011 wani bincike a Jami'ar Chicago ya nuna cewa samarin da aka taƙaita wa barci zuwa sa'a 5 na mako ɗaya, testostiron ɗinsu ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Allurar ƙarin ƙarfi da ake tallata muku a ɓoye kuma tana sa jiki ya daina yin nasa testostiron, har maniyyi ya ragu.

Na ce wa yaron ya ajiye takalmin nan. Da ya juya zai koma ɗaki kuma sai na ji haushi, domin tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari daga jini, kuma sa'o'ina da suka zauna yau suna fama da ciwon sukari. Na ce ya fita, amma bayan ya sha koko, kuma gobe ya huta. Ya ce to, idonsa yana kan wayarsa.