Kwafin Ajiyar da Muke Biya wa Kuɗi Bai Cece Mu Ba

Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a ƙaramar hukumar Auyo ta Jihar Jigawa. Tun da muka bar littafi muka koma manhaja, rajistar mambobi da bashin taki da na iri da kuɗin man injinan ban ruwa duk suna zaune ne a kan sabar wani kamfani, wato kwamfutarsa ta adana bayanai ta intanet, da muke haya shekara-shekara. Bayan kuɗin hayar akwai wani ƙari da muke biya domin a riƙa yi mana kwafin ajiya kowane dare, kuma har yau idan na tuna wannan ƙarin sai raina ya ɓaci.

Ana tsakiyar rabon takin noman rani faifan sabar ya lalace. Hankalina kwance na rubuta wa kamfanin cewa su mayar mana da kwafin daren jiya, sai amsa ta zo cewa kwafin yana kan na'urar da ta lalace, kuma ya tafi tare da ita. Ashe duk tsawon lokacin nan asali da kwafi wuri ɗaya suke kwana. Babu manomin da zai zuba irin baɗi a rumbun da ya zuba abincin gida sannan ya ce ya yi maganin gobara, amma abin da aka sayar mana ke nan, ba tare da wani ya bayyana mana ba a lokacin da ake karɓar kuɗinmu.

Abin da ya rufa mana asiri wani faifan ajiya ne na hannu da ke cikin akwatin ma'ajinmu. Ma'ajin dattijo ne wanda bai taɓa sakin jiki da abin da idonsa ba ya gani ba, kuma shi ya dage cewa lokaci-lokaci in sauko da komai in damƙa masa. Kwafin ƙarshe da ke ciki ya kusa wata guda, saboda haka duk takin da aka raba bayan nan babu shi a lissafi.

Cike wannan giɓi ya fi komai ciwo. Muka shimfiɗa tabarma a ƙofar ofis, mambobi suna zuwa da rasit, wani ya jiƙe da gumi a aljihu, wani tawadarsa ta koɗe har sai an ɗaga shi sama an duba a hasken rana. Wani tsoho ya ciro nasa daga cikin hula, a naɗe cikin leda, ya ce, "Ɗana, buhu biyu na karɓa, ka rubuta biyu, kada in tafi lahira da haƙƙin jama'a." Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Ba kowa ne ya zo da takarda ba, kuma a kan buhunan da ba su da shaida mutanen da suka yi shekaru suna noma kafaɗa da kafaɗa suka fara yi wa juna kallon zargi. Wannan ɓarnar ba ta cikin abin da kamfani ke lissafawa idan ya aiko da saƙon ban haƙuri.

Daga baya na gane cewa ba a kanmu aka fara ba. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin adana bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu daga cikin waɗanda suka biya kuɗin kwafin ajiya sun rasa komai, saboda kwafin nasu a wurin da wutar ta ci yake. A 2023 kotun kasuwanci ta Lille ta umarci kamfanin ya biya wasunsu diyya. Saboda haka tambayar farko da nake yi wa kowane kamfani yanzu, kuma a rubuce nake son amsarta, ita ce: a wace na'ura, a wane gini, a wane gari kwafin yake kwana?

Masana suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1, wato kwafi uku, a kan na'urorin ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Ƙa'idar daidai ce, sai dai a ƙauye dole a ƙara mata sharaɗi, cewa aƙalla kwafi ɗaya ya zama ana iya buɗe shi ba intanet, ba wutar NEPA. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma har harkar banki ta tsaya cak a wurare da yawa, a Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka yi kwanaki cikin duhu. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin Haɗeja kuma ba sai an gaya masa dalilin da ya sa ba za a tara faifai duka a gari ɗaya ba.

Yanzu kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan sauko da abu biyu, rumbun bayanan manhajar da kuma hotunan rasit, domin ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Ina sa wa kowane kwafi kwanan wata, ba na ɗora sabo a kan tsoho, saboda idan kuskure ya shiga lissafi ba a lura ba, tsohon kwafi ne zai nuna shi. Kwafi ɗaya yana tafiya Google Drive, wato ma'ajiyar Google ta intanet, inda gigabait 15 na kyauta ya ishe mu, ɗaya yana akwatin ma'aji, ɗaya kuma ana kai shi Dutse wurin amintaccen mamba. Duka a kulle suke da kalmar sirri wadda ni da shugaba da ma'aji muka sani, tun da akwai lambobin NIN na mutane a ciki, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora mana alhakin tsare su.

Maganar kamfani cewa an yi kwafi kuwa na daina karɓarta a baki. Ƙarshen kowane wata nakan ɗauki kwafin in ɗora shi a kan wata tsohuwar kwamfuta da muke caji da sola, in buɗe sunayen mambobi in gwada bashinsu da rasit ɗin da ke hannu. Idan sun dace, sai a buga jerin bashin a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu a gaban taro, a saka a fayil.