Ƙannena masu ƙaramin shago, ku riƙa rubuta lambar kastoma

Ƙannena da kuka fara sana'a, musamman ku masu sayar da kaya ta waya, dan Allah ku ba ni aron hankalinku. Ni turaren wuta da humra nake sayarwa, sai 'yan mayafai, shagona ɗan ƙarami ne a Badarawa nan Kaduna, in mutum huɗu suka shigo dole ɗaya ta tsaya a bakin ƙofa. Abin da zan faɗa muku a jikina na ji shi.

Da na fara, duk tallata a shafi ɗaya take, ba sai na faɗi sunan dandalin ba don ba su suka cuce ni ba. Kullum da safe in shimfiɗa farin ƙyalle in jera kwalabe in ɗauki hoto in ɗora, kafin azahar oda ta fara shigowa daga Malali, Barnawa, Unguwar Rimi, wani lokacin har Zariya in kai tashar Kawo a sa min a mota. Ko allo ban kafa a ƙofar shago ba. Hajiyarmu ta sha yi min magana, takan ce ke 'yar nan ki dinga rubuta masu sayen kayanki, ni kuma ina ganin ai duk suna cikin waya, me zan yi da biro da takarda.

Kuma wallahi an nuna min ishara ban ɗauka ba. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, wata bakwai kenan, masu talla a can suka shiga wani hali, na ce ai ni ba a can nake ba. Ƙarshen Satumban shekarar aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda matsalar 'yan bindiga, kastomomina na wajen gari suka yi tsit kusan wata biyu. Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya wajen awa shida, tun bayan la'asar har cikin dare, a ranar ne ma na san ashe duka ukun kamfani ɗaya ne yake da su. Duk da haka washegari na ci gaba yadda na saba.

Sai ranar da nawa ya zo. Saƙo ne ya shigo min da daddare wai za a rufe shafina in ban tabbatar ni ce mai shi ba, wai in turo wasu lambobi shida da za su shigo wayata. Na gaji, ga tsoro, na tura. Da asuba na buɗe waya na ga an fitar da ni, an canja komai, shafin da na yi sama da shekara biyu ina ginawa ya koma hannun wanda ban taɓa gani ba. Bai tsaya nan ba, ya riƙa ɗora hotunana yana cewa an yi ragi rabin kuɗi, a tura kuɗi wani asusu.

Kwana uku bayan haka wata baiwar Allah ta zo shago daga Rigasa da goyo a bayanta, ta miƙo min wayarta hannunta na rawa, ga shaidar kuɗin da ta tura na turaren gidan ƙanwarta da za a kai ranar Asabar. Ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi Anti ni na yarda da ke ne. Na haɗa mata kayan daga abin da ke kan kanta na ba ta, bayan ta fita na ja labule na zauna ina kuka. Abin da ya fi ci min rai shi ne ba ni da hanyar da zan gargaɗi sauran. Na duba wayata kaf, lambar kastoma goma sha ɗaya na samu, cikin ɗaruruwan da suka taɓa sayen kayana.

Toh daga nan na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Duk wadda ta sayi ko da kwalba ɗaya ce sai in ce Hajiya in ba damuwa a ba ni lamba, in rubuta suna da unguwa da abin da ta saya da rana. Wadda ta ƙi ba na matsa mata. Sannan in roƙe ta ta ajiye tawa a gabana kafin ta fita, dalili kuwa jerin aika saƙo na WhatsApp, wanda ake tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa a lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki, mutane da yawa ba su san wannan ba suna ta aikawa iska na ɗauka. Kada ku dami mutane kullum fa, ni sau ɗaya a sati nake yi ko in sabon kaya ya sauka. Iyayenmu masu ƙaramar waya kuwa kira nake yi, mu gaisa in tambayi jikoki, su ne ma suka fi saye da yawa.

Kowace kwalba yanzu akwai sitika da sunan shago da lambata, domin kwalbar humra tana yawo, ta je gidan biki ta je gidan suna, wata ta shinshina ta juya kwalbar ta kwafi lamba. Na kafa allo. Ƙanina ya sa min shagon a taswirar Google, kyauta ne, masu Keke da 'yan aike sun daina kirana sau biyar suna tambayar kwatance. Na kuma haɗa kai da telan layinmu da mai lalle da mai gyaran jiki, amarya in ta je wajen ɗayanmu sai a turo ta wajen sauran, ba ko sisi a tsakaninmu sai amana.

Ban ce ku bar intanet ba, ni ma na buɗe sabon shafi, har guda biyu a wurare daban, na sa musu matakin tsaro na biyu, wato ban da kalmar sirri sai an sa wata lamba kafin a shiga, kuma lambobin nan da ke shigowa waya ko wa ya tambaya ba na bayarwa. Ku ma kada ku bayar, ko da ya ce daga kamfani yake.

Yanzu ina kan littafi na uku. Duk ƙarshen wata nakan ɗauki hoton shafukan in ajiye, tsofaffin biyun kuma suna ɗakin Hajiya cikin akwatinta. Kafin ƙaramar Sallar da ta wuce ni da ita muka zauna a tabarma bayan an sha ruwa, tana karanto min suna ina kira, har muka zo kan matar nan ta Rigasa, ta ɗauka ta ce Anti dama ina nemanki, a ajiye min kwalba uku.