Godiya Bayan Gobarar Da Ta Tashi A Ɗakin Kwanan Ɗalibanmu

Assalamu alaikum.

Yau kwana tara ke nan da tashin gobara a ɗaya daga cikin ɗakunan kwanan makarantarmu, kuma sai yanzu hankalina ya kwanta har na iya zama in rubuta wannan godiya, a matsayina na malamin da aka damƙa wa amanar waɗannan ɗakuna. Godiya ta farko ta tabbata ga Allah, wanda ya fitar mana da yara 64 da ke barci a ɗakin ba tare da mun rasa ko ɗaya ba. Uku sun shaƙi hayaƙi, ɗaya ya gurɗe a ƙafa wajen dirowa daga gadon sama, kuma dukansu sun koma aji.

Wutar ta fara ne daga tsohuwar wayar lantarki da ke cikin silin, a kusurwar da yara ke jera akwatunansu, ta sauko kan katifun soso, waɗanda ke ci da sauri su tayar da baƙin hayaƙi mai shaƙe numfashi. Da na iso da gudu ban ga harshen wuta ba tukuna, hayaƙi kawai na gani yana tuɗaɗowa ta saman tagogi, kuma abin da ya faɗo mini a rai shi ne makarantar sakandaren Kyanguli ta Kenya, inda ɗalibai 67 suka rasu a ɗakin kwanansu a watan Maris na 2001, da ta Mahdia a ƙasar Guyana, inda yara 20 suka rasu a 2023. A duka biyun an tarar da ƙofa a kulle, tagogi kuma da ƙarafuna, yaran suka rasa mafita.

Saboda haka nake miƙa godiya ga mutanen da ban taɓa gani ba, wato waɗanda suka tsara ginin nan tun kafin a haifi yawancinmu. Sun yi wa kowane ɗakin kwana ƙofa biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, kuma dukansu waje suke buɗewa, ta yadda ko yara sun cunkushe a bakinsu, turawar da suke yi ita ce za ta buɗe su. Sun bar tazara mai faɗi tsakanin gini da gini, shi ya sa wutar ba ta tsallaka zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka ba. Bangon da ya raba ɗakin da wurin wanka kuwa sun kai shi har kwano, bai tsaya a silin ba, a nan ma wutar da ke bin katakon rufi ta tsaya. Mun daɗe muna ƙorafin cewa gine-ginen nan sun tsufa, fenti ya kwaye, baranda ta tsattsage, ba mu lura da hikimar da ke cikinsu ba sai a daren nan.

Akwai abin da ya wajaba in faɗa a fili. Shekara biyu da suka wuce an kawo shawarar a riƙa sa wa ƙofar baya kwaɗo da dare don hana yara sulalewa, kuma ina cikin waɗanda suka goyi baya. Dattijon maigadinmu ne ya tsaya kai da fata ya ce a bar ta da sakata ta ciki, shi zai riƙa zagayawa. Ta wannan ƙofa fiye da rabin yaran suka fita. Baba maigadi, kai ne kuma ka kashe babban makunnin lantarki kafin kowa ya watsa ruwa, ka kama igiyar tsohuwar ƙararrawa kana kaɗawa har tafin hannunka ya sale. Allah ya saka maka da mafificin alheri.

Ina yi wa shugaban ɗaliban ɗakin godiya, yaron da bai cika shekara 17 ba, wanda ya riƙa ce wa ƙannensa su sunkuya su yi rarrafe saboda hayaƙi sama yake tafiya, ya kuma koma ya ɗauko ƙaramin da tsoro ya sa ya ƙudundune a ƙarƙashin gado. A filin taro muka yi kiran suna da tocila a hannu, kuma har abada ba zan manta da shirun da ya biyo bayan suna na ƙarshe ba, kafin yaron ya amsa daga bayan layi da murya a shaƙe.

Tukwanen kashe gobara guda biyu da muke da su sun ƙare cikin daƙiƙu kaɗan. Tankin ruwan da ke kan doguwar hasumiya ne ya rufa mana asiri, domin ruwansa da nauyinsa yake gangarowa, ba ya jiran lantarki. Masu dafa abinci, malaman da ke zaune a gidajen makaranta da iyalansu, da manyan ɗalibai suka yi layi suna miƙa wa juna bokiti har 'yan kwana-kwana suka iso suka ƙarasa aikin. Ina gode musu, tare da ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a tsaye a ɗakin shan magani.

Iyaye kuma, kun zo da asuba zukatanku a tashe, amma kun saurare mu, ba ku kwashe 'ya'yanku ba. Tsofaffin ɗalibai sun aiko da katifu, barguna da littattafan da suka maye gurbin waɗanda suka ƙone. Mun gode ƙwarai da gaske.

A yanzu yaran suna kwana a ɗakin cin abinci, ana kawar da tebura da dare a mayar da su da safe. An fara sauya wayoyin lantarkin duk ɗakunan kwana, an kuma yanke ƙarafunan taga biyu a kowane ɗaki an mayar da su masu buɗewa daga ciki. Duk uba ko uwar da ke son ganin aikin da idonsu, su neme ni ranar ziyara mai zuwa, ni da kaina zan zagaya da su.