Saƙon Godiya Bayan Jinyar Mahaifiyarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin ƙannena da ɗaukacin iyalan gidanmu, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, sannan ga 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki da suka tsaya mana a lokacin jinyar mahaifiyarmu, Hajiya, wadda ta yi fama da ciwon dasashi mai tsanani har ya kai ta ga kasa tauna abinci. Alhamdu lillahi, kumburin ya saɓe, mugunyar ta tsaya, kuma ta koma cin abincinta kamar yadda ta saba. Da yawa daga cikin waɗanda suka zo dubiya sun yi mamakin jin cewa ciwon baki ne ya rame da ita haka, wasu kuma sun tambaye ni abin da likitoci suka ce, domin su ma suna ganin jini idan sun goge baki. Saboda haka na ga ya dace in haɗa godiyar da bayanin da aka yi mana, gwargwadon yadda na fahimce shi.

Godiyarmu ta farko bayan ta Ubangiji tana ga likitar haƙori da ta karɓi Hajiya. Ba ta gaggauta cire haƙori ba, ko da yake da wannan niyyar aka je, domin Hajiya ta gaji da raɗaɗi kuma abin da take roƙo ke nan. Sai da ta ɗauki wani siririn ƙarfe mai alamomin awo ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, tana auna zurfin ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi. Ta ce a bakin mai lafiya zurfin ba ya wuce milimita 3, amma a wasu mataunan Hajiya ya kai 7. Daga nan ta sa aka ɗauki hoton muƙamuƙi, ta zaunar da mu ta nuna mana inda ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori ya zaizaye. Ta ce da ita: "Hajiya, haƙoranki ba su ruɓe ba, ƙasar da aka dasa su a ciki ce take zaizayewa, kamar bishiyar da ruwa ya cinye gindinta." Wannan jimla ita ce ta sa dukkanmu muka gane abin da muke fuskanta.

Yadda ta bayyana mana, ciwon yana farawa ne daga wata dauɗa mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori kullum, wadda cike take da ƙwayoyin cuta. Idan ba a goge ta ba, cikin 'yan kwanaki sai ta daskare ta zama kamar tsakuwa, kuma daga wannan lokaci babu burushi ko asuwakin da zai iya ɓamɓare ta, sai kayan aikin asibiti. Dasashi yakan yi ja, ya kumbura, ya riƙa zubar da jini idan an taɓa shi. A wannan mataki na farko ciwon yana warkewa sarai idan an wanke haƙoran kuma an kula da tsafta. Idan aka bar shi, kumburin yakan gangara ƙasa, dasashi ya rabu da haƙori, ƙashi ya fara narkewa, sai warin baki da mugunya da girgiɗin haƙora su biyo baya. Ƙashin da ya riga ya tafi ba kasafai yake dawowa ba, abin da ake iya yi shi ne a tsayar da ɓarnar inda ta kai. Abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninta shi ne cewa ciwon yakan yi shekaru yana aiki ba tare da zafi ba, don haka jinin da mutum ke tofarwa da safe, wanda yawancinmu muke ɗauka ƙarfin guga ne ya jawo shi, sau da yawa shi ne gargaɗin da jiki ke bayarwa kafin abin ya yi nisa.

Muna kuma godiya ga likitan da ke duba Hajiya a kan ciwon suga da hawan jini, wanda ya amsa takardar abokiyar aikinsa ba tare da ɓata lokaci ba. A nan ne muka san cewa ciwon suga da ciwon dasashi suna ƙarfafa juna. Sugan da ya hau yana raunana garkuwar jiki ya hana rauni warkewa, shi kuma kumburin dasashi da ya daɗe yana sa suga ya ƙi sauka ko da ana shan magani a kan kari. Sai da aka daidaita sugan kafin a fara aikin baki. Haka nan likitar haƙori ta nemi a kawo mata dukkan magungunan da Hajiya ke sha, ta gano cewa ɗaya daga cikin na hawan jini yana cikin irin waɗanda kan sa dasashin wasu mutane ya yi kauri ya hau kan haƙori. Likitanta ne ya sauya shi da wani, kuma dukkansu sun ja kunnenmu cewa kada kowa ya ji wannan labari ya daina shan maganinsa da kansa.

Aikin da aka yi mata shi ne wankin haƙori mai zurfi, inda ake kankare daskararriyar dauɗar har ƙarƙashin dasashi, a goge saiwar ta yi sumul domin nama ya samu inda zai sake kamawa. An yi shi ne kashi-kashi, ɓangare ɗaya na baki a kowane zama, bayan allurar kashe zafi. Matauna biyu da ƙashinsu ya ƙare dole aka cire, sauran kuwa Allah ya sa an cece su. An ba ta ruwan kurkurar baki na asibiti na ɗan gajeren lokaci, tare da gargaɗin cewa daɗewa a kansa yana rina haƙora. Ina so in tsaya a kan wata magana da muka sha ji daga masu fatan alheri, cewa wankin haƙori a asibiti yana buɗe giɓi ya sa haƙora girgiɗi. Mun tambaya, an kuma amsa mana dalla-dalla. Giɓin da ake gani bayan wanki ciwon ne ya riga ya yi shi, dauɗar da kumburin ne suka rufe shi, kuma barin su a wurin ƙara cin ƙashin yake yi. Mun ga gaskiyar haka da idonmu, domin haƙoran gaba da ke motsi sun ƙara tsayawa bayan kumburin ya sauka.

Akwai waɗanda suka kawo shawarar a danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, ko a cusa garin taba, ko a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis a yi ta sha. Mun san ƙauna ce ta sa suka faɗa, kuma mun gode da kulawar. Sai dai likita ta ce asfirin yana ƙona naman baki, taba kuwa, ta sha ce ko ta tsotsa, tana cikin manyan abubuwan da ke ƙara wa ciwon ƙarfi, har ma tana rage zubar jinin ta yadda mai ciwon zai zaci ya warke. Maganin ƙwayoyin cuta shi kaɗai yakan kwantar da ƙurji na ɗan lokaci, amma muddin dauɗar tana nan ciwon zai dawo.

Godiya ta musamman ga ma'aikaciyar jinyar da ta koya wa Hajiya goge baki cikin ladabi da haƙuri, ba tare da ta sa dattijuwa ta ji kunya ba. Hajiya mace ce da ba ta rabuwa da asuwaki, saboda hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin asuwaki a kowace salla. Ma'aikaciyar ta ce da ita: "Mama, ki ci gaba da asuwakinki, amma ki riƙa yanke kansa kina sabunta shi, kuma kada ki dirje dasashi da ƙarfi." Ta ƙara mata da burushi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, sau biyu a rana na tsawon minti 2, musamman kafin barci, domin asuwaki yana wahalar kaiwa bayan matauna da cikin haƙora ta wajen harshe. Ta nuna mata yadda ake share tsakanin haƙora da zaren sakace maimakon tsinken tsintsiya ko allura, ta kuma ce a sauya burushi duk bayan wata 3.

Wannan ciwo ba na gidanmu kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato sama da mutum biliyan 1, suna fama da ciwon dasashi mai tsanani. Masu ciwon suga da masu shan taba da mata masu juna biyu su ne aka fi so su riƙa zuwa a duba bakinsu tun kafin su ji zafi. Likitar ta kuma roƙe mu da mu riƙa duba bakin jikokin Hajiya, ta tuna mana da cutar noma, wadda ke farawa da gyambon dasashi a bakin ƙananan yara masu fama da rashin abinci mai gina jiki, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, ta cinye kumatu da leɓe cikin ɗan lokaci. A Sakkwato akwai asibiti na musamman da aka kafa domin masu wannan cuta tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Idan aka ga yaro da warin baki mai ƙarfi da dasashi mai jini, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar, domin a farkonta magani yana tsayar da ita.

Ina godiya ga ƙanwata da ta bar gidanta ta dawo ta zauna da Hajiya, da matata da ta ɗauki nauyin dama kunu marar suga da dafa fate mai laushi a duk tsawon lokacin da tauna ta gagara. Ina godiya ga kawunnanmu da abokan aikina da suka taimaka da kuɗin magani tun ba mu buɗe baki mun nema ba, da maƙwabcinmu mai keke napep da ya riƙa kai ta asibiti yana ƙin karɓar ko sisi. Limaminmu da jama'ar masallacin unguwa sun yi ta sa ta cikin addu'a, matan islamiyyarsu kuma ba su bar ɗakinta ya zama shiru ba. Waɗanda suka kira daga nesa da waɗanda suka aiko da saƙo, duk ya iso, kuma Hajiya ta ce in gaishe ku da kyau.

Jinyar ba ta ƙare gaba ɗaya ba, domin an ce za ta riƙa komawa duk bayan wata 3 a sake auna dasashin a kuma wanke abin da ya taru, kuma nan gaba za a duba yiwuwar sa mata haƙoran roba a gurbin waɗanda aka cire. Muna roƙon a ci gaba da sa ta cikin addu'a. Masu son zuwa gaishe ta ƙofa a buɗe take bayan la'asar, sai dai muna roƙon alfarma a bar lemon kwalba da alewa da sauran kayan zaƙi, saboda umarnin likitocinta. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, amin.